Yadda nake dafa wasel, da abin da ake yi wa bishiyar tuffa a Somaset

Daren 17 ga Janairu sanyin Somaset, a kudu maso yammacin Ingila, har ɓargo yake shiga. Amma a daren ne mutanen ƙauyuka irin su Karhamton ke fita gonakin tuffa da fitilu, su yi wa bishiyoyi fatan 'ya'ya masu yawa. Bikin da abin shan da ake dafawa dominsa duk wasel ake ce musu, kalma ce ta tsohon Turanci mai ma'anar "ka zauna lafiya". Wasu garuruwan a 5 ko 6 ga wata suke yi. Masu 17 ɗin tsohon lissafi suka riƙe, tun da Birtaniya ta sauya kalanda a 1752 aka tsallake kwana 11.

Na asali da giyar tuffa ake haɗa shi. Ni ba na sha, don haka da ruwan tuffa zalla nake yi, wanda ba a tace shi fes ba, kuma ƙamshin bai ragu da komai ba.

Ka nemi tuffa 6 masu tsami, irin Bramley. Cire ƙwayoyin tsakiya, ka zagaye bawon da bakin wuƙa don kada su fashe, ka gasa a oben mai zafin digiri 180 na kamar minti 40, har sai cikin ya yi lugub. Suna gasuwa ka ɗora ruwan tuffa lita 2 a tukunya, da sandar kirfa 2, kanumfari 6, ɗanyar citta kamar babban yatsa, gyaɗar ƙamshi kaɗan, da sukari cokali 3. Wutar ta zama ƙasa-ƙasa, rabin awa. Nan ne na taɓa yin ɓarna: na cika kanumfari, na kuma bar tukunyar tana tafarfasa, abin ya fito da ɗaci yana ƙona harshe, ba wanda ya ƙara kofi na biyu. Tururi kawai ake so ya riƙa tashi.

Sai ka tsame kayan ƙamshin, ka kwashe naman tuffar da cokali, ka zuba, ka burga sosai. Za ka ga farar kumfa ta taso ta rufe saman tukunyar. Saboda ita ne Turawa ke kiran wannan haɗin ulun ɗan rago, kuma ni ita ce abin da na fi so.

In an gayyace ka gona, sa takalmin roba don taɓo, ka riƙe tocila da tsohuwar tukunya da ludayi. Bishiyar da ta fi tsufa ake kewayewa. A tsoma gasasshen burodi a cikin abin shan, a rataye a rassa, wai rabon ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji da suke ɗauka mai gadin gona ne. A zuba abin shan kaɗan a gindin bishiyar, a rera mata waƙa, sannan a kaure da bugun tukwane da ihu, wani wurin har da harba bindiga sama, don a tashe ta daga barcin hunturu a kori abin da suke ganin zai cuce ta.

Na ga wani dattijon manomi ya ɗaga jikarsa sama, ta maƙala burodin a reshe da yatsun da sanyi ya sandarar. Da ta sauko ya miƙa mata kofinsa ta ɗumama hannu.