Yadda Za Ka Tsara Kwana Uku a Istanbul Kafin Hawa Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Wanda zai hau jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga Istanbul, birnin da kakanninmu ke kira Santambul, ya kamata ya sauka aƙalla kwana uku kafin ranar tashi. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya yi jinkiri, kuma birnin ya fi ƙarfin a gan shi ta tagar mota. Idan jirgin zai tsaya a tsibiran Girka, ka tabbata ka samu bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama ciki har da Girka, tun daga gida, domin bizar Turkiyya ba ta wadatar ba.

Manyan jiragen suna ɗaukar fasinja a Galataport, tashar da aka buɗe a 2021 a unguwar Karaköy. Saboda haka ka nemi masauki a Karaköy ko Sultanahmet, kusa da layin jirgin ƙasan cikin gari na T1, wanda ya haɗa unguwannin biyu. Ka sayi katin Istanbulkart da zarar ka sauka, da shi ake biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa da jirgin fito.

Ranar farko ta tsohon gari ce. Ka fara da Aya Sofiya, wadda aka kammala a matsayin coci a shekarar 537, ta zama masallaci bayan Sarki Muhammad Al-Fatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a ƙarni na ashirin, sannan aka dawo da salla a cikinta a 2020. Tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Amma a ganina fadar Topkapi ce ta cancanci mafi yawan lokacinka, musamman ɗakin da aka adana kayan da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, inda za ka ga takubba a bayan gilashi alhali ana karatun Alƙur'ani ba yankewa. Ka lura cewa fadar ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar Kapalıçarşı kuma tana rufe ranar Lahadi. Kafin magariba ka nufi unguwar Eyüp, ka ziyarci kabarin Abu Ayyub Al-Ansari, sahabin da ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina.

Duk wata tafiya mai nisa a yi ta a rana ta biyu, kada a bar ta sai jajiberin tashi, domin iska na iya sa a soke jirgin fito. Mai son tarihi ya tafi Bursa, wadda ta kasance babban birnin Daular Usmaniyya tun kafin a ci Istanbul. Ana tsallaka tekun Marmara zuwa Mudanya cikin kimanin awa biyu, daga nan a ƙarasa a mota. Can ne Ulu Cami yake, masallaci mai ƙubba ashirin da wurin alwala a tsakiyarsa, can ne kuma asalin İskender kebap, yankakken gasasshen nama da ake shimfiɗawa a kan gurasa, a zuba miyar tumatir, a kwarara narkakken man shanu yana ƙara a gabanka, da kindirmo a gefe. Mai tafe da yara ko tsofaffi gara ya zaɓi tsibirin Büyükada, wanda ya fi kusa, ba a kuma barin motocin gida su shige shi.

Game da abinci, ka guji shagunan da ke da mai jawo baƙi a bakin ƙofa, ka bi inda 'yan gari suka yi layi. Da safe ka ci simit, zagayayyen burodi mai riɗi da ake sayarwa a jajayen amalanke, tare da shayi a ƙaramin kofin gilashi, ba madara. A Eminönü, gindin gadar Galata, ana gasa kifi a sa shi cikin burodi da albasa, shi ne balık ekmek. A gaban Masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, akwai jerin shagunan kuru fasulye, farin wake da aka dafa har ya yi laushi, ana ci da shinkafa, kuma duk wanda ya tashi da wake da shinkafa zai ji kamar a gida yake. Ayran ɗinsu nono ne tsinkakke, sai dai gishiri ake sa masa maimakon sukari. Wanda ba ya iya cin abinci babu yaji ya nemi pul biber, dakakken jan barkono da ake ajiyewa a kan tebur.

A rana ta uku kada ka yi nisa. Ka hau jirgin fito zuwa Üsküdar, ka taka ɓangaren Asiya ka dawo, ka sayi baƙalawa, wani kayan zaƙi, a shagon Karaköy Güllüoğlu, wanda ba shi da nisa da tashar, sannan ka haɗa kayanka tun da dare. Fasfo da takardar shiga jirgi da magungunanka su zauna a jakar hannu, domin manyan akwatuna ana karɓarsu a bakin tasha, kuma sukan ɗauki awoyi kafin su iso ɗakinka.