Shirya ɓawon kifi don awon aisotop

Aisotop nau'o'in sinadari ɗaya ne masu bambancin nauyi, kamar naitirojin-15 da kabon-13; awonsu a ɓawo yana nuna abin da kifi ke ci da inda yake kiwo. Daga karfasar madatsar Kubanni da ke Zariya za ka fara, tunda tarwaɗa ba ta da ɓawo.

1. Cire ɓawo 10 a ƙasan ƙayar baya, ka rubuta tsawon kifin a ambulan.
2. Kankare yauƙin tas, ka ɗauraye da tataccen ruwa. Yauƙi da ƙurar hunturu suna gurɓata awo. Kada fomalin, sinadarin hana ruɓewa, ya taɓa ɓawon, yana canza kabon.
3. Busar a 60°C, awa 48.
4. Yanka, ka auna miligiram 1 cikin kwanson kuza (tin).

Naitirojin-15 yana ƙaruwa da kusan 3.4‰ (kashi 3.4 cikin dubu) daga abin da aka ci zuwa mai ci. Kabon-13 kuwa yana nuna inda kifin ke kiwo, gaɓa ko tsakiyar ruwa. Auna dodon koɗi na ruwan shi ma, shi ne ma'aunin farko da za a kwatanta kifin da shi.