Yadda Ake Auna Ruwan Damina a Gida da Bibiyar Guguwar Teku Mai Ƙara Ƙarfi

Idan aka yi ruwa da daddare, hirar safe ba ta wuce a ce an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko kuma a ce yayyafi ne kawai. Wannan ya isa gaisuwa, amma bai isa manomi ya san ko ƙasa ta jiƙa yadda za a yi shuka ba, bai kuma isa a kwatanta damina da damina ba. Masu sha'awar yanayi a Amurka sun daɗe da mayar da wannan hira lissafi. A watan Yulin 1997 ambaliya ta auka wa garin Fort Collins a jihar Colorado, daga baya aka gano cewa ruwan da ya sauka a wani ɓangaren garin ya ninka na wani ɓangaren sau da yawa, alhali tazarar da ke tsakani 'yan kilomita ce. Wannan ya sa a 1998 aka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna CoCoRaHS, wadda dubban mambobinta ke duba ma'aunin ruwa a gidajensu kowace safiya su aika da adadin. Irin waɗannan mutane ne kuma, idan watan Agusta ya kama, suke sa ido a kan gabar Senegal, domin daga can ne mafi yawan manyan guguwar tekun Atlantika ke tasowa. Duk ayyukan biyu mutum na iya yin su da littafin rubutu guda da waya mai intanet.

A fara da ma'auni. Ana auna ruwan sama da zurfinsa, wato tsawon da zai kai a kan shimfiɗaɗɗen wuri da bai tsotse shi ba, bai kuma gangarar da shi ba. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a kan kowane murabba'in mita, saboda haka ruwan milimita 20 a kan rufin kwano mai murabba'in mita 100 lita 2,000 ne. Wanda zai karanta rahoton Amurka sai ya riƙe cewa inci 1 daidai yake da milimita 25.4. Ma'aunin da 'yan sa-kan can ke amfani da shi roba ce mai faɗin baki inci 4, da mazurari a sama da siririn bututu a ciki mai cin inci 1, idan ya cika sai ya tumbatsa cikin babban mazubin. Wanda bai samu irinsa ba zai iya yin nasa da gwangwani, da sharaɗin ya kasance miƙaƙƙe daga baki har gindi, gindin kuma a baje yake. Bokiti da kwano ba su yi, domin bakinsu ya fi gindinsu faɗi, sai su nuna ruwa fiye da wanda ya sauka.

Tsoma rula cikin gwangwani yana ba da adadi, amma a ganina ya fi kyau a sha ɗan wahala a yi abin da kyau. A auna faɗin bakin gwangwanin sau ɗaya, a fitar da girman filinsa, sannan kullum a riƙa zuƙe ruwan da babban sirinji ko a juye shi a kofin awo mai lambobi. Gwangwani mai faɗin baki santimita 10 filin bakinsa murabba'in santimita 78.5 ne, don haka kowace milimita ta ruwan sama tana tara mililita 7.85 a cikinsa. Idan aka tarar da mililita 157 da safe, a raba da 7.85, sai a samu milimita 20. Ta wannan hanya ko ruwan milimita 2 ba zai ɓace ba, alhali da rula kusan ba za a gan shi ba.

Wurin ajiye ma'auni ya fi ma'aunin kansa muhimmanci, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke ɓata aikinsu. A nisanta shi daga bishiya da katanga da gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, wato idan darbejiyar ƙofar gida ta kai mita 6, ma'aunin ya yi nesa da ita da mita 12. Kada a kusanci indararo, kada kuma a ɗora shi a kan soro ko saman bene, domin iska ta fi ƙarfi a can kuma tana kwashe ɗigon ruwa ta tsallake da shi bakin mazubin. A kafa turke mai tsayin kusan mita 1, a ɗaure ma'aunin yadda bakinsa zai ɗara kan turken kuma ya zauna daidai ba a karkace ba. Hadarin farkon damina a ƙasar Hausa da iska mai ƙarfi yake zuwa, gwangwanin da ba a ɗaure ba sai a tsince shi a maƙwabta. A cikin gari, inda gidaje ke manne da juna, da wuya a samu fili irin wannan. Sai a zaɓi mafi sarari a tsakar gida, a rubuta a shafin farko inda aka ajiye shi, kuma kada a sake matsar da shi har damina ta fita.

Sai lokacin dubawa. 'Yan sa-kan Amurka ƙarfe 7 na safe suke dubawa, kuma wannan lokaci ya dace da mu, tunda an idar da sallar asuba rana kuma ba ta yi zafin da za ta ƙafar da ruwan ba. Kowane lokaci aka zaɓa a tsaya a kansa, domin adadin ya zama na awa 24 cif. A rubuta kwanan wata da adadi, da lokacin da ruwan ya fara da lokacin da ya ɗauke idan an sani, sannan a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fayau, saboda gurbin da ba komai bai nuna ko fari aka yi ko mai aunawa ne ya yi tafiya ba. Jerin sifili goma sha biyu a watan Yuni shi ne zai bayyana dalilin da shukar gero ta ƙone. A ƙarshen kowane wata a tara jimla, a kuma kwatanta ta da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon shekara a Najeriya, ko bayanan cibiyar AGRHYMET da ke Yamai.

Wanda ya riƙe littafin nan a lokacin marka zai lura cewa manyan ruwa ba kullum suke zuwa ba, sukan zo ne bayan kwana 3 zuwa 5. Dalili shi ne wata lanƙwasa da ke faruwa a iskar sama mai kaɗawa daga gabas, wadda ke tasowa daga wajen Sudan da Chadi, ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Mali tana tattara hadari, har ta faɗa teku ta gabar Senegal da Gini. Yawancin irin waɗannan tarin hadari a nan suke mutuwa. Kaɗan daga ciki sukan samu ruwan teku mai ɗumi kusa da tsibiran Cape Verde su fara juyawa. Haka guguwar Irma ta fara a 2017: ta bar gabar Afirka ranar 27 ga Agusta, aka raɗa mata suna ranar 30, ta kai mataki na 5, wato ƙololuwar ƙarfin guguwa, ranar 5 ga Satumba, ta ragargaza tsibirin Barbuda washegari, sannan ta isa Florida ranar 10 ga wata. Irin wannan guguwa ba ta shigowa ƙasar Hausa, domin daga teku take samun ƙarfinta kuma yamma take nufa, amma asalinta daga sararin samaniyarmu yake.

Bibiyar guguwar tana farawa daga shafin cibiyar lura da guguwa ta Amurka, NHC, da ke Miami. Kakar guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ta fi tsanani wajen 10 ga Satumba. A taswirar farko za a ga alamar gicciye a kan duk wani tarin hadari da ake zargi, tare da yiwuwar ya zama guguwa cikin awa 48 da kuma cikin kwana 7. Gicciye mai launin ruwan ɗorawa na nufin ƙasa da kashi 40 cikin 100, ruwan lemo 40 zuwa 60, ja kuma sama da 60. Da zarar guguwa ta kafu, cibiyar na fitar da sanarwa kowace awa 6, wanda a agogon Najeriya da Nijar ya kama ƙarfe 4 na asuba, 10 na safe, 4 na yamma da 10 na dare. A buɗe sabon shafi a littafin, a kowace sanarwa a kwafi abu huɗu: inda tsakiyar take, gudun iskarta, matsin iskar da ke tsakiyarta, da inda ta dosa da saurin tafiyarta.

Gudun iska shi ke ba da mataki. Idan ya kai kilomita 63 a awa ana ba ta suna, idan ya kai 119 ta zama mahaukaciyar guguwa mataki na 1. Mataki na 2 yana farawa daga 154, na 3 daga 178, na 4 daga 209, na 5 kuma daga 252 zuwa sama. Amma wanda yake son ya gane guguwa na ƙara ƙarfi tun kafin labarai su faɗa, matsin iska zai zura wa ido. Ana auna shi da miliba, kuma a bakin teku a ranar da lafiya lau yakan kasance wajen 1013. Gwargwadon faɗuwarsa a tsakiyar guguwa, gwargwadon ƙarfin da take jawo iska, kuma sau da yawa shi ke fara sauka kafin iskar ta biyo baya. Mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a Atlantika shi ne 882, a cikin guguwar Wilma ta 2005. Idan guguwa ta kusanci ƙasa, jiragen sama na musamman kan kutsa cikinta su saki na'urori masu aunawa, saboda haka adadin lokacin ya fi wanda ake ƙiyastawa daga tauraron ɗan'adam inganci.

A riƙa kwatanta sanarwar yanzu da ta jiya war haka. Idan iska ta ƙaru da kilomita 55 a awa ko fiye cikin awa 24, masana na kiran wannan ƙaruwar ƙarfi ta gaggawa, kuma ita ce abin da suka fi tsoro domin tana cin lokacin kwashe jama'a. Guguwar Milton ta yi haka a tekun Meziko ranar 7 ga Oktoban 2024, inda ta tashi daga mataki na 1 zuwa na 5 cikin ƙasa da awa 24. Abubuwan da ke ba da damar haka sanannu ne, kuma sanarwar cibiyar tana zuwa da bayanin masana da ke ambatonsu: ruwan teku mai zafin digiri 26.5 ko fiye har zuwa can ƙasa, iska mai laima, da rashin saɓani tsakanin iskar sama da ta ƙasa, domin idan suka saɓa sukan karkatar da guguwar su yaga ta. Busasshiyar iska mai ƙura daga Sahara ma tana shaƙe ta. A hoton tauraron ɗan'adam, guguwa mai ƙarfafa takan zama zagayayya, gajimarenta ya yi kauri ta kowane gefe, sannan wani fili mai kama da rami ya buɗe a tsakiya, wanda ake kira ido. Ido ƙarami mai tsabta alamar ƙarfi ce.

Kurakurai biyu ne na fi so mai bibiya ya kiyaye. Na farko game da zanen nan mai kama da mazurari da ke nuna inda guguwa za ta bi. Hanyar tsakiyarta kawai yake nunawa, kuma an zana faɗinsa ne yadda tsakiyar za ta kasance a ciki kusan sau biyu cikin uku, ruwa da iska kuwa suna kaiwa ɗaruruwan kilomita a wajensa. Na biyu, kuma mafi haɗari, shi ne ɗaukar saukar mataki a matsayin saukar barazana. Matakin iska kaɗai yake aunawa, alhali ruwa ya fi iska kisa. Katrina ta sauko daga mataki na 5 zuwa na 3 kafin ta hau ƙasa ranar 29 ga Agustan 2005, amma tekun da ta turo ya haura mita 8 a gabar Mississippi. Harvey, wadda ita ma daga gabar Afirka ta taso a 2017, ta yi rauni bayan ta shiga Texas, sai ta tsaya cik tana zuba, har aka auna milimita 1,539 a garin Nederland cikin 'yan kwanaki, fiye da abin da Kano ke samu a damina guda. Shi ya sa saurin tafiya ke cikin abubuwan da za a rubuta: guguwa mai jan ƙafa ita ce mai ambaliya.

Wannan na da amfani na zahiri ga duk mai ɗan'uwa a Houston ko New York. Ranar 1 ga Satumban 2021 ragowar guguwar Ida, wadda ta riga ta rasa matakinta, ta zubar da milimita 80 cikin awa ɗaya a tsakiyar New York, kuma yawancin waɗanda suka rasu a birnin suna cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ne, irin waɗanda baƙi masu ƙaramin ƙarfi ke haya. Cibiyar tana fitar da jan kunne awa 48 kafin iskar ta iso, da gargaɗi na ƙarshe awa 36 kafin ta. Idan sunan garin da ɗan'uwa yake ya fito a ɗayansu, ko a taswirar ruwan da ake sa ran zai sauka, a kira shi a tambaye shi a wane hawa yake kwana, a kuma roƙe shi ya bi umarnin hukumomin garin idan sun ce a tashi.