Kafin a ɗora katifa a A-Daidaita-Sahu: kurakuran lissafi da abokin zaman ɗaki

Duk wanda ya yi zaman haya da wani a Danbare, Janbulo ko Rijiyar Zaki da ke Kano ya san yadda abin yake. Shekara biyu ana ci a kwano ɗaya, ba wanda ya taɓa cewa "ni na sayi wannan". Ranar tashi kuwa, sai fanka ɗaya ta raba zumunci.

Babban kuskuren shi ne kunya ta sa a bar lissafi sai ranar kwasar kaya. Mai A-Daidaita-Sahu yana ƙofar gida yana danna oda, katifa a ka, a lokacin ne wani zai ce, "Af, kuɗin wutar watan jiya fa?" A tsaye ba a lissafi, sai dai cacar baki. Ku zauna tun saura mako biyu, bayan Isha'i, da takarda da biro. Kowa ya buɗe wayarsa a duba turansfa ɗaya bayan ɗaya, don zuciya abin da mai ita ya kashe kawai take riƙewa.

Sai kuɗin haya. A Kano yawanci na shekara ake biya a dunƙule, kuma da wuya mai gida ya mayar da ko sisi. A ce ɗakin naira 240,000 ne, kowa ya ba da 120,000, ɗaya zai tashi saura wata huɗu. Mai tashi yana ganin yana bin 40,000, mai zama yana cewa, "Ai ba ni na kore ka ba." A ganina, mai tashi ne zai nemo wanda zai maye gurbinsa, amma wanda abokin ya aminta da shi, sabon ya biya kuɗin. In kuwa mai zama ya fi son ɗakin shi kaɗai, to shi zai biya, ko da zai raba biyan kashi biyu ne. A kuma duba sunan wa ke kan rasidi, a sanar da mai gida ko dillali.

Inda aka fi ɓatawa shi ne kayan da aka yi karo-karo aka saya. Ni da abokina mun haɗa kuɗi mun sayi tukunyar gas da ƙaramin janareta a Sabon Gari a 2022. Da zan tashi, sai ya ce zai ba ni rabin abin da muka biya, a rage na tsufa. Alhali bayan cire tallafin man fetur a 2023 kaya sun yi tashin gwauron zabi, tsohuwar tukunyar ma ta fi kuɗin da muka saye ta sabuwa. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wani dattijo a masallacin layinmu ne ya raba gardamar. Ya ce, "Samari, ɗayanku ya yanka wa kayan farashi, ɗayan ya zaɓa, ko ya saya ko ya sayar." Wanda ya yanka ba zai tsawwala ba, don kada a bar masa, ba kuma zai karyar ba, don kada a ɗauke. Cikin minti goma muka gama.

Kada a manta da ƙananan basussuka: littafin mai shago, ɗan ga-ruwa, kuɗin 'yan sintiri da na shara. A ɗauki hoton mita a ga yunit nawa ya rage.

In an gama lissafi akwai saura a kan wani, kuskure ne a rabu a kan "zan turo maka, in sha Allahu". A rubuta nawa ne da ranar biya, da shaida. Ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Saƙon WhatsApp da wanda ake bi bashin ya amsa da "haka ne" ma ya fi babu.

Idan abin ya ƙi, kada ka riƙe masa kwamfuta ko takardun makaranta a matsayin jingina, kada ka kai ƙararsa Facebook. Daga mai gaskiya sai ka koma mai laifi. Fara da wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa. In bai ji ba, sai mai unguwa, sannan ofishin Hisbah na ƙaramar hukumarku, inda ake zaman sulhu. Ka tafi da rasidin haya, takardar lissafin da kuma wayar da alat ɗin ke ciki.