Yadda Ake Cin Moriyar Maganin Kuturta na Kyauta a Jihar Bauchi

Tun daga shekarar 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take raba maganin kuturta kyauta ga ƙasashen da cutar take addaba. Gidauniyar Nippon ta ƙasar Japan ce ta fara ɗaukar nauyin kuɗin, sannan kamfanin Novartis na Suwizalan ya karɓa daga shekarar 2000. A Najeriya, maganin yana shigowa ne ta hannun shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ya gangaro zuwa jihohi, har ya isa hannun jami'in tarin fuka da kuturta da ke kowace ƙaramar hukuma daga cikin ƙananan hukumomi 20 na Bauchi. Ƙungiyar agaji ta Holan mai suna NLR ta daɗe tana tallafa wa jihohin wannan yanki wajen horas da ma'aikata da zirga-zirgar duba marasa lafiya, kuma a yau ƙungiyar agaji ta cikin gida mai suna LTR da ke Jos ce ta gaji aikin. Duk wannan tanadi yana tsayawa ne a ƙofar asibiti, domin babu mai ba da tallafin da zai san cewa akwai tabo a bayan wata yarinya a ƙauyen Ningi idan mutanen gidansu ba su kai ta ba.

Saboda haka aikin yana farawa ne daga duba jiki. Alamar farko tabo ne wanda ya fi sauran fata haske, wani lokaci da ɗan ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, kuma sau da yawa ba ya yin gumi. Mutane da dama sukan ɗauka kyasbi ne ko makero, su shafe watanni suna sayen man shafawa a kemis. Ana iya gwadawa a gida da ɗan ƙullin auduga: a sa mutum ya rufe ido, a taɓa lafiyayyar fata ya nuna wurin da yatsa, sannan a taɓa tsakiyar tabon. Idan bai ji ba, to ranar asibiti ta zo. Haka nan idan tafin hannu ko na ƙafa ya mutu har mutum yana ƙonewa bai sani ba, ko takalmi yana zame masa, ko ido ya ƙi rufuwa sosai. A duba baya da ɗuwawu da cinyoyi da rana tsaka, kuma mace ta duba 'yar'uwarta mace.

Daga nan sai a nufi cibiyar lafiya mafi kusa, a nemi a haɗa mutum da mai kula da tarin fuka da kuturta, domin yawanci ɗakin da ake ba da maganin tari nan ne ake ba da na kuturta. Idan lamarin ya yi tsanani, akan tura mara lafiya asibitin Bayara da ke gefen garin Bauchi, wanda ya daɗe da wannan aiki, yayin da mutanen Gombe suke da asibitin Zambuk. Ma'aikaci zai ƙirga tabon, ya lalubi jijiyoyin gwiwar hannu da bayan gwiwa ya ji ko sun kumbura. Mai tabo ɗaya zuwa biyar zai sha magani na wata 6, wanda ya haura biyar ko cutar ta taɓa masa jijiya kuma zai sha na wata 12. Maganin haɗin ƙwayoyi uku ne, wato rifampicin da dapsone da clofazimine, a cikin fakiti na kwana 28. Ana shan na ranar farko a gaban ma'aikaci, a tafi da sauran gida. Ba a biyan ko sisi a kansa, kuma duk wanda aka nemi ya biya kuɗin fakitin, ya kai maganar ga jami'in ƙaramar hukuma.

Wasu marasa lafiya sukan bar shan maganin bayan wata biyu ko uku, kuma a ganina laifin rashin bayani ne tun ranar farko. Fitsari yakan yi ja na ɗan lokaci bayan shan rifampicin, wannan ba jini ba ne. Clofazimine yana sa fata ta yi duhu ta bushe, abin da yake tayar wa 'yan mata da amare hankali har su ɓoye fakitin, alhali launin yana komawa daidai sannu a hankali bayan an gama. Amma idan aka ga ƙuraje sun feso tare da zazzaɓi ko idanu sun yi rawaya kamar na mai shawara, a dakatar da sha a garzaya asibiti a ranar, domin jikin wasu ba ya karɓar dapsone. Akwai kuma wani tashin da cutar kan yi ana tsaka da magani, inda tabon zai kumbura ya yi ja, jijiya ta yi zafi, hannu ya raunana. Wannan ba ya nufin maganin bai karɓe shi ba. Akwai ƙarin magani da ake bayarwa domin ceton jijiyar, kuma jinkirin 'yan makonni yana iya barin yatsu a ƙanƙame har abada. Mai shirin tafiya cirani ko makiyayin da zai yi ƙaura ya sanar da ma'aikaci tun da wuri, a san yadda za a yi da katinsa da sauran fakitocinsa.

Wajibi ne a kawo mutanen gida a duba su. Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, kuma ba rantsuwar ƙarya ko cin kifi da nono ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce da wani likitan Norwe mai suna Hansen ya gano a shekarar 1873, tana bin numfashi daga wanda bai fara magani ba idan an daɗe ana zama tare, kuma tana iya kwanciya a jiki shekara biyar ko fiye kafin ta bayyana. Da zarar an fara magani mutum ya daina yaɗa ta, don haka babu dalilin ware masa kwano ko raba aure. Tun daga shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba makusanta rifampicin sau ɗaya tak a matsayin kariya, sai a tambaya ko ana bayarwa a wurin.

Wanda ya riga ya rasa ji a ƙafa zai ci gaba da kula da ita ko bayan warkewa. Kullum ya jiƙa ta a ruwa na kimanin rabin awa, ya goge kaushi a hankali, ya shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar tana da danshi, ya duba ko akwai ƙaya ko faso, kuma kada ya taka ƙasa ba takalmi mai taushin ciki. Mata su riƙa sauke tukunya da tsumma mai kauri.

Ya kamata a sani cewa maganin da ake jira daga waje yana iya yankewa, kamar yadda ya faru a shekarar 2024, lokacin da aka shafe kusan shekara guda bai shigo ƙasar ba sai a watan Maris na 2025. Idan aka je aka tarar babu, a tabbatar an rubuta sunan mara lafiya a rajista, a karɓi lambar wayar jami'in, a ci gaba da kai shi ana duba jijiyoyinsa kowane wata, kuma kada a sayi ƙwaya ɗaya daga cikin ukun a kemis a riƙa sha ita kaɗai, domin hakan yana sa cutar ta bijire wa magani.