Yadda za ka je ka ga ginin Kotun Ƙoli a Akra

Duk baƙon da ya sauka gidana a unguwar Nima, sai na kai shi High Street, titin da Kotun Ƙolin Ghana take. Wasu kan ce, "Baba, kotu kuma? Me muka yi?" Ba mu yi komai ba, kallo za mu.

Ka fito da sassafe ranar aiki, bayan koko da ƙosai. Ka hau trotro, wato bas ɗin haya, mai shiga tsakiyar Akra, ka sauka Tema Station ko kasuwar Makola, sauran tafiyar ƙafa ce. Ka sa kayan mutunci, ban da silifas ɗin wanka.

In ka iso, kada ka yi saurin shiga. Tsaya daga nesa tukuna ka ƙare wa ginin kallo: fari, da dogayen ginshiƙai da baranda. Aikin zamanin Turawa ne. Su suka kafa Kotun Ƙoli ta Gold Coast, wato Ghana ta yau, da dokar 1876, a 1877 kuma suka ɗauke hedkwatar mulki daga Cape Coast zuwa Akra. Ginshiƙan nan salon Turai ne, don kwarjini aka yi su. Barandar kuwa ta ƙasarmu ce, rana ce ta tilasta ta. Ka shiga inuwarta ka ɗora tafin hannu a bango, za ka ji sanyi, ga iskar teku tana ratsowa. Ni dai a ganina sabon rukunin kotunan da aka buɗe a 2015, duk da girmansa, bai kai wannan sanyin ido ba.

Daga nan ka nufi mutum-mutumi uku da ke farfajiyar, nan ne nake daɗewa. Alƙalan Babbar Kotu ne: Cecilia Koranteng-Addow, Fred Poku Sarkodee da Kwadwo Agyei Agyapong. A daren 30 ga Yuni, 1982 aka ɗauke su daga gidajensu aka kashe, tare da Manjo Sam Acquah mai ritaya. Ina saurayi lokacin, na tuna yadda manya ke rage murya in maganar ta taso a majalisa. Ka karanta sunayen da kanka, a hankali. Har yau lauyoyi na taron tunawa da su kowace shekara.

Hoto? Ka tambayi mai gadi kafin ka ɗaga waya. In an bar ka ka shiga zauren shari'a, ka kashe ta, ka miƙe in alƙalai sun shigo, ka kama bakinka. A nan alƙalai 9 suka yanke hukuncin ƙarar zaɓen shugaban ƙasa ranar 29 ga Agusta, 2013, wadda muka yi wata da watanni muna kallo a talabijin ɗin mai shayi. Jikata da na kai can a bara, tana shiga ta raɗa mini, "Kaka, ashe ɗakin bai kai yadda yake a talabijin ba."

In rana ba ta yi zafi ba, ka ƙarasa makwancin Kwame Nkrumah, yana nan kusa. In ta yi, Makola akwai waakye, wato shinkafa da wake.