Shawara ga masu zaman haya a Jamus: solar baranda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda kuɗin wuta ke ci masa tuwo a ƙwarya, ya duba ƙaramar solar nan da ake ratayawa a baranda, wadda Jamusawa ke kira Balkonkraftwerk. Galibi faranti biyu ne da ƙaramar inbata, sai ka cusa filogi a soket.

Tun 2024 doka ta yarda inbata ta kai wat 800. Dole ka yi rajista a Marktstammdatenregister, wato kundin gwamnati na na'urorin samar da wuta, kyauta ne ta intanet. Ka nemi izinin mai gida a rubuce. Yanzu ba zai hana ka ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, amma yana da ta cewa kan yadda za a ɗaure ta, kuma don Allah a ɗaure da kyau saboda iska.

Baranda mai fuskantar kudu ta fi ba da wuta. Ku riƙa kunna injin wanki da tsakar rana, domin wutar da ba ku sha ba layi take komawa, ba a biyan ku komai.

Masu mota mai lantarki, kada ku sa rai da ita wajen caji. Cajar bango ta gida kan ja kilowat 11, wato wat 11,000, ita kuwa solar baranda ba ta wuce wat 800.